Aikin Laburare a Nguru da Gashuwa: Yadda Aka Faro da Inda Aka Tsaya

Wanda zai ba da tarihin ɗakunan karatu a arewacin Yobe, in ya soma daga zuwan Turawa, to daga tsakiya ya soma. Tun gwamnati ba ta kafa kanta ko guda ba akwai littattafai a Nguru da ƙasar Bade, cikin gafakoki da akwatunan malamai, an naɗe su da fata saboda gara da ƙura. Nan ƙasar Barno ce, wadda aka sani da tsangayu da rubuta Alƙur'ani da ka. A Nguru, Shehu Muhammadu Gibrima, wanda ya rasu a 1975, almajirin Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, ya bar wallafe-wallafe da dama da Larabci, kuma daga nesa ake yo tattaki zuwa zawiyarsa. Abin lura a wancan tsohon tsari shi ne, ba a karanta littafi a shiru. Almajiri ya ja baƙi, malam ya fassara, na gefe su kasa kunne. Mutum ɗaya ke riƙe da littafin, amma zaure guda ke karatu. Ni da na ƙare ƙuruciyata da ƙarfina a aikin laburare a wannan yanki, na tabbata duk lokacin da aikinmu ya yi albarka wannan hanya muka bi, duk lokacin da ya dusashe kuwa barin ta aka yi.

Takardar boko ta jirgin ƙasa ta iso mana. A wajen 1930 layin dogo daga Kano ya ratso Ringim da Malam Madori da Birniwa ya zo ya tuƙe a Nguru, don kwasar gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu. Taragun da ke tafiya da kaya su ne ke dawowa da wasiƙu da jaridu, da akawuna da ma'aikatan reluwe daga kudu, masu karatun Turanci. Sai Nguru ta kasance a wani matsayi na daban: mulkinta yana hannun En'e ta Barno can Maiduguri, amma labarinta da kasuwancinta daga Kano suke zuwa. Gashuwa kuwa, bayan fadar Mai Bade ta taso daga Gogaram ta zauna a can, ta zama hedkwatar En'e mai cin gashin kanta, sai dai abin karantawarta sai ya sauka a tashar Nguru tukuna, sannan mota ta ɗauko shi ta Jajimaji. Da damina, in hanya ta ɓaci, jarida kan tsufa kafin ta iso.

Ɗakunan karatu na En'e a Arewa yaƙin duniya na biyu ne ya yaɗa su. Turawan mulki suna so jama'a su ji labarin yaƙi ta bakinsu, jama'a kuma suna ƙishirwar labari, domin an kwashi 'ya'yansu soja an kai su har ƙasar Bama. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka soma bugawa a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ce jarin waɗannan ɗakuna. Fasalinsu kusan ɗaya ne ko'ina: ɗaki guda na ƙasa ko na dutse kusa da fada ko kasuwa, benci, tebur, taswirar duniya a bango, kabad mai kwaɗo, da malami ɗaya da En'e ke biya. Dattijon da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, irin waɗannan malamai ne. Bai taɓa shiga makarantar koyon aikin laburare ba, iyakarsa midil. Yakan ce mini a zamaninsu babban aikin malamin ɗakin karatu bayan la'asar yake farawa, lokacin da zai fito da benci waje, ya buɗe jarida, ya ɗaga murya. Maɗinka da mahauta da 'yan dako da dogarai, waɗanda ba su san baƙin boko ko ɗaya ba, su ne masu sauraro. In Hausar ta yi wa wani tsoho tsauri, nan take wani zai juya masa da Barbarci ko Badanci. In an gama labarin duniya sai a roƙe shi Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja, a yi babi ɗaya, a ajiye saura sai gobe. Wanda ya zo da wasiƙar ɗansa daga bariki, a nan za a karanta masa, a nan za a rubuta masa amsa.

A 1952 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa babban laburare a Kaduna, aka ɗauko wata Baturiya, Joan Parkes, ta tsara shi, aka kuma ɗora mata gyaran ɗakunan karatu na En'e-En'e. Dabarar da aka yi ita ce ta akwatin littattafai: a cika akwati a Kaduna, a aika wa ɗakin karatu ko makaranta, bayan 'yan watanni a mayar a karɓo wani. Ga garin da ke bakin layin dogo wannan ba ƙaramar gata ba ce. Malaman ɗakunan kuma akan kira su Kaduna ɗan gajeren kwas, a koya musu rajista da jera littafi.

Wannan ya zo daidai da Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi na cikin jagororinsa, da kuma hukumar NORLA ta Zariya, wadda daga 1954 zuwa 1959 ta yi ta buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna. Ta lardin Barno ita ce Albishir. Magidanci ya yi watanni yana koyon baƙi da wasali a ajin manya, ya karɓi takardar shaida, to sai me zai karanta don kada abin ya zube? Amsar tana ɗakin karatu. Ranar da motar majigi ta shigo gari kuwa, yawanci a irin wannan fili ake kafa farin ƙyalle bayan isha'i, mai sharhi yana bayani da lasifika kan tsabta ko noman gyaɗa ko zaɓe. A ganina ba a taɓa samun lokacin da buga littafi da koyar da karatu da wurin karatu suka tafi kafaɗa da kafaɗa a Arewa kamar waɗannan 'yan shekaru ba. Da aka rufe NORLA, ƙafa ɗaya ta murhun ta karye, kuma har yau ba a mayar da ita yadda take ba.

Ba na ɓoye cewa ɗakunan suna da rauni. Wasu malaman kulle kabad suke yi don tsoron kada littafi ya ɓace a yanke musu albashi, wasu ɗakunan kuma ba abin da ke ciki sai tsofaffin mujallun Ingila. Lokacin da aka gayyato F. A. Sharr daga Ostareliya ya zagaya Arewa ya rubuta rahotonsa a 1963, ya nuna buƙatar ƙwararrun ma'aikata da tsari mai ƙarfi, kuma daga irin wannan shawara aka buɗe sashen koyar da aikin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968. Jihar Gabas ta riga mu, don tun 1955 ta yi dokar kafa hukumar laburare, bayan taron da UNESCO ta yi a Ibadan a 1953. Ƙwarewa ta kawo alheri mai yawa: katalogi, lambar Dewey a gadon bayan littafi, katin aro, lissafin masu shiga. Amma ta zo da wani abu da aka kwafo daga ƙasashen da kusan kowa ya iya karatu, wato allon nan da ake kafawa a bango mai umartar kowa ya yi shiru. A garin da mafi yawan manya ba su yi boko ba, ma'anar wannan allo ita ce ɗakin na 'yan makaranta ne kaɗai. Maɗinki da mahauci suka fahimci saƙon, suka koma gindin rediyo.

Siyasa ma ta yi nata. A 1967 aka raba Arewa jihohi shida, aka rarraba kayan laburaren Kaduna, mu muka faɗa Jihar Arewa Maso Gabas. A 1976 aka yi Jihar Barno, a shekarar kuma aka rushe En'e aka kawo ƙananan hukumomi. Ɗakunan karatu da yawa a nan suka zama marayu, ba a san takamaimai wanda zai biya kuɗin jarida ba.

A ƙarshen shekarun 1970 na shigo aikin, kuma na ci sa'a, domin lokacin akwai kuɗin mai, ga shirin ilmin firamare ga kowa, wato UPE, na 1976 ya cika firamare da yara. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wancan zamani shi ne ranakun da muke karya dokar shirun da gangan. Muhawara tsakanin makarantun sakandare ita ce kan gaba. Sai mu ba da batu mako biyu kafin ranar, misali ko ilmin 'ya mace ya fi na ɗa namiji amfani ga al'umma, ko noma ya fi aikin ofis, mu ware littattafan da suka shafi batun a tebur guda. A cikin makonnin nan biyu yaran da ba su taɓa taka ƙofarmu ba sai ka gan su suna rububin littafi ɗaya, domin ba wanda ke son makarantarsu ta sha kaye a gaban jama'a. Asirin abin ke nan: muhawarar ta awa biyu ce, karatun da ta jawo na kwana goma sha huɗu ne. Kacici-kacici ma haka. Alƙalai kuwa mukan roƙo malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da wani dattijo daga fada, don kowa ya ga nasa a wurin.

Safiyar Asabar ta ƙananan yara ce. Akan shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, a gayyato wata tsohuwa daga cikin gari ta yi musu tatsuniya, wani lokaci da Hausa, wani lokaci da Manganci ko Badanci. Da farko tsofaffin sukan noƙe, su ce ba a tatsuniya da rana, sai an lallashe su. In ta ƙare da ƙurunƙus, sai mu ɗauko littafi mai hotuna mu karanta wani labarin, yaro ya gane cewa irin abin da ke bakin kakarsa shi ne ke kwance a takarda. 'Yan sakandare kuma sukan ɗauki Uwar Gulma ko Jatau Na Kyallu su raba wa juna matsayi, su yi wasan a fili, iyaye su zo kallo. A 1981 Babban Laburaren Ƙasa ya soma gangamin ƙarfafa karatu, wanda ya ba irin waɗannan ayyuka suna da gurbi a takardun ofis, amma a ƙasa ƙwazon ma'aikaci da goyon bayan shugabannin makarantu ne ke tafiyar da su.

Akwai masu karatun da rajistarmu ba ta taɓa nunawa ba, su ne matan aure. Yarinya 'yar firamare za ta zo ta tsaya bakin kanta ta ce, "Baba Malam, wai in ji Yaya a ba ta wani, ta gama wannan." Katin da sunan yarinyar yake, amma littafin zai zaga gida uku ko huɗu kafin ya dawo, an karanta wa kishiya, an karanta wa maƙwabciya, bangonsa ya yi laushi da man girki. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya faɗa a kan irin wannan tsufan littafi.

Daga 1986, da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, Naira ta faɗi, littafin waje ya gagari saye, na gida ma takardar buga shi daga waje take zuwa. Kuɗin sayen littafi shi ne farkon abin da ake yankewa a kasafi, na taruka kuwa ba a ma maganarsa. Sai aka koma dogaro da kyautar littattafai daga ƙetare. A cikinsu akwai masu amfani ƙwarai, musamman na kimiyya da na aikin jinya, amma da yawa an rubuta su ne don yaran wata duniya, ba su kuma san kifin Kogin Yobe ko gero ko ƙaro ba. Kantoci suka cika, benci ya zama wayam sai lokacin jarrabawa.

Abin da ya fi ba ni takaici a tarihin wannan aiki a daidai nan ya faru. Lokacin da muke kukan mutane sun daina karatu, a lokacin ne Hausawa suka shiga karatu irin wanda ba a taɓa gani ba. Littattafan da marubuta ke bugawa da kuɗinsu a Kano suka malalo ta mota da jirgi: Budurwar Zuciya ta Balaraba Ramat Yakubu, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da ɗaruruwa irinsu. A kasuwannin Nguru da Gashuwa masu tebur suka soma ba da hayarsu, ka biya 'yan kuɗi kaɗan ka tafi da littafi kwana ɗaya ko biyu, ka dawo ka karɓi na biyu da na uku. Ba kati, ba fom, mai tebur ya san kowa da gidansu, ya kuma san wanda zai ba wa wane littafi. Wannan aikin laburare ne tsantsa, 'yan kasuwa suka yi shi. Rediyon Kaduna kuma yana karanta labarai a shirin Shafa Labari Shuni, gidaje suna saurare. Yawancin ɗakunan karatu na gwamnati a Arewa suka ɗauke kai, aka ce littattafan soyayya ne, ba su da aji, suna ɓata tarbiyya. Gaskiya akwai na banza a cikinsu, kamar yadda akwai a kowane adabi. Amma aikin ma'aikacin laburare ai zaɓe ne: ya karanta, ya tace, ya ajiye masu kyau, ya gayyato marubucin ya zauna da masu karatunsa. Da an yi haka, da an riƙe 'yan mata da matan aure na tsara guda cur, da kuma yau muna da cikakken tarin wannan adabi a hannunmu, maimakon a ce mai bincike sai ya je Kano ko wata jami'ar Turai kafin ya gan shi.

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Yobe, aka sake rabon kaya da ma'aikata, hedkwata ta koma Damaturu da hukumar laburarenta. Sabuwar jiha tana da buƙatu birjik, ofisoshi da gidaje da hanyoyi. Yankinmu dai ya samu manyan makarantu: Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman a Gashuwa, kwalejin shari'a da addinin Musulunci a Nguru, sannan Jami'ar Tarayya ta Gashuwa a 2013. Kowaccensu tana da laburarenta, kuma asusun TETFund, bisa dokarsa ta 2011, manyan makarantun gwamnati yake tallafa wa. Laburaren jama'a ba ya cikin wannan rabo. Saboda haka ƙwararrun matasan da suka karanta fannin, in sun samu zaɓi, makarantun suke nufa, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai laburaren jami'a na mai katin ɗalibi ne. Masunci daga Dagona ko mai sayar da bandar kifi a kasuwar Gashuwa ba shi da ƙofar shiga.

Wani abin alheri da ya faru a wannan tsakani, wanda ya kamata a ce ɗakunan karatunmu sun yi masa biki, shi ne aikin harsunan Yobe da Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya, wanda Hausawa ke kira Malam Takalmi, ya jagoranta tare da 'yan ƙasa. A 2004 aka buga ƙamus na Badanci da Turanci da Hausa a Potiskum, ɗaya na karin harshen Gashuwa, ɗaya na Bade ta yamma. Yaran Bade da yawa a cikin gari yanzu Hausa ce a bakinsu. Ga ƙamus an yi, ga tsofaffi masu tatsuniya da waƙoƙin su da tarihin Gogaram suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ga bikin kamun kifi na Bade da ke tara jama'a. Wurin da ya dace ya haɗa waɗannan, ya ɗauki muryoyin ya adana, ya sa yara su karanta harshen iyayensu da baki, shi ne laburaren gari.

Shekarun tashin hankalin 'yan tada ƙayar baya sun ƙarasa abin da rashin kuɗi ya fara. Bayan dokar ta-ɓaci ta Mayun 2013, da kashe-kashen ɗalibai a Mamudo da Gujba da Buni Yadi, da sace 'yan matan Dapchi a Fabrairun 2018, wane uba ne zai bar ɗansa ya je taron da aka tara 'yan makaranta wuri guda? Dokar hana fita ta kashe zaman yamma. Nguru da Gashuwa ba su sha wuta kamar kudancin jihar da gabashinta ba, har ma sun karɓi waɗanda suka gudo, amma tsoron ya shiga ko'ina. Yaran da aka haifa a lokacin sun girma ba su taɓa ganin muhawarar makarantu a filin laburare ba.

Yau in ka shiga kasuwa za ka tarar da matasa masu kwamfuta suna tura wa mutane littattafan Hausa da aka karanta da murya a katin waya. Mata suna aikin gida suna sauraron labari daga YouTube, marubuta suna sakin littafi shafi-shafi a WhatsApp, gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 tana fito da sababbin marubuta mata. Jama'armu ba su taɓa barin son labari da ilmi ba, kuma har yanzu ta kunne suka fi karɓarsa, kamar dai a zauren malam da bencin En'e. Abin da waya ba ta bayarwa shi ne wurin haɗuwa, da babba mai zaɓar wa yaro abin da ya dace da shi, da damar tsayawa gaban mutane a yi magana a kare hujja.

Don haka roƙona ga Hukumar Laburare ta Jihar Yobe, da shugabannin ƙananan hukumomin Nguru da Bade da Karasuwa da Jakusko da Machina, da masu martaba sarakunanmu, kada a tsaya jiran kuɗin sabon gini. A fara da ware rana ɗaya a mako da za a yi karatu da murya, da Hausa da Manganci da Badanci, a buɗe wa wanda ya yi boko da wanda bai yi ba. A sanya kuɗin sayen littattafan Hausa a kasafi da sunansu. A ba mata yini nasu da ma'aikaciya mace. A sa sola, don a samu fitila da fanka da 'yan kwamfutocin da yaro zai gwada hannunsa kafin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake yin ta. Ɗaliban Jami'ar Gashuwa da na kwalejojinmu a ba su dama su riƙa zuwa suna karanta wa yara a matsayin aikin sa kai. Ku kuma 'yan'uwana tsofaffin ma'aikata da malaman makaranta da muka yi ritaya, muna nan cikin garuruwan nan, mun san yadda ake shirya muhawara da zaman tatsuniya. Mu je mu nemi matasan da ke riƙe da makullan yanzu, mu koya musu tun muna da sauran ƙarfi.